Furen Mambila da Ƙwan 'Yan Tsaki

Ni ne na ƙona ganyen furen Mama. Ranar da abin ya faru kyanwar maƙwabta na ɗora wa laifin, ko da yake duk faɗin unguwarmu ta Turaki a Jalingo ba a taɓa jin kyanwar da ta iya gashi ba.

Mama 'yar Mambila ce, can saman dutse inda mutane ke sa rigar sanyi da tsakar rana. Da kakarmu ta rasu ta tafi jana'iza, ta dawo bayan sati biyu da jakarta da wani guntun ɓawon itace a cikin kwali. Wani tsiro ne maƙale a jikin ɓawon, ganye huɗu masu kauri, saiwoyinsa duk a waje kamar taliyar da ta kwana. Ba ƙasa, ba tukunya. Yayata ta ɗauki hotonsa a waya ta ce sunansa okid. Mama ta ce ita ba ta san wannan sunan ba. Abin da ta sani, a jikin bishiyar bayan ɗakin mahaifiyarta yake, kuma duk damina yakan fitar da fararen furanni. Gida da gona 'yan'uwanta maza suka raba. Ita wannan ta ɗauko.

Ba ta yarda ta ajiye shi a tsakar gida ba, don ranar Jalingo ko takalmin roba ka manta a waje sai ka tarar ya zama miya. Sai ta rataye shi a falo. Falon namu kuwa tun da maƙwabci ya ɗaga katangarsa ya zama kogo. Wata biyu ba su cika ba ganyen ya yi duhu ya saki jiki. Kowace safiya Mama takan fesa masa ruwa, ta tsaya tana kallonsa, sannan ta fita.

Muna kiwon kaji a bayan gida, kuma 'yan tsaki aikina ne. Na san idan suka takure wuri ɗaya suna ciwi-ciwi, ƙwan fitila mai wat ɗari nake sauko musu da shi, nan da nan su warware. To wata Asabar da Mama ta tafi kasuwar Iware, na dubi furen na ce ai wannan ma takurewa ce. Na ciro ƙwan, na jona shi da wutar solarmu, na rataye shi kusan yana taɓa ganye. Na tafi ƙwallo ina jin kaina kamar likita.

Da na dawo da la'asar, ganyen sama ya yi wani tabo ruwan ƙasa mai faɗin tafin jariri, falon yana warin dafaffen rama. Kuma batir ya yi ƙasa, har da yamma fankar Baba ta juya sau uku ta yi sallama. Na ɓoye ƙwan a cikin buhun dusa.

Da Mama ta dawo ta tsaya a gaban furen. Ta ɗauko sabuwar reza ta yanke ganyen a hankali, kamar mai yi wa jariri aski.

"Wa ya taɓa shi?"

"Ina jin kyanwar nan ce, Mama."

"Kyanwa."

"Ta fiye ɓarna."

"To ka gaya wa kyanwar, tunanin haske da ta yi daidai ne. Ta je ta nemo wanda ba ya ƙuna, kuma ba ya shanye wa babanka batir."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Litinin bayan an tashi makaranta na je shagon wani dattijo mai sayar da kayan wuta a kasuwa, wanda shi ya haɗa mana sola. Tun daga ƙofa idona ya faɗa kan wata fitila mai haske ruwan hoda da shuni, an zana ganye a kwalinta. Na ce ita nake so.

"Gidan rawa za ku buɗe?" in ji shi.

"Baba, fure ne. Ba shi da lafiya."

Na ba shi labari duka, ban da kyanwa. Ya yi dariya har ya kira maƙwabcinsa mai gyaran waya ya zo ya ga yaron da ya ɗauki fure a kan kaza. Sannan ya kunna ƙwan fitila irin na 'yan tsakina ya ce in miƙa bayan hannu. Ban kai ƙirga biyar ba na janye. Ya kunna wani ƙarami fari, irin na LED, mai wat goma sha biyu. Haskensa ya fi na farkon kashe ido, amma hannuna bai ji komai ba.

"Wancan murhu ne mai ɗan haske," ya ce. "Kajinka zafin suke so. Furenka daga ina ka ce?"

"Mambila."

"Ka ga? Ka ɗauko ɗan sanyi ka gasa shi."

Ya ce mai shunin ma tana aiki, amma a ƙarƙashinta ba za ka gane ganye ya yi rawaya ko ya yi kore ba, kuma uwata za ta kore mu ni da ita rana ɗaya. Ya koya mini in rataye farin kamu guda sama da ganyen, in sa hannu a tsakani: in inuwar ta fito da kaifi ya yi kusa, in babu ita sam ya yi nisa. Ya ce in kunna da safe, lokacin da rana ke cika batir, in kashe da magariba, don kada mu yi rigima da fanka.

"Da dare fa?"

"Kai ba ka barci? Shi ma bar shi ya yi."

Haka na yi. Kullum kafin in tafi makaranta in kunna, in auna inuwar hannuna, yayata tana cewa ga injiniyan ganye ya fito aiki. Cikin wata guda ganye ukun suka miƙe, bakin saiwoyin ya yi kore shar. A wata na uku wani ɗan ganye ya leƙo daga tsakiya, bai kai farcen ɗan yatsana ba. Na yi ihun da ya sa maƙwabta biyu suka shigo da bokitin ruwa. Mama ta sunkuya ta dube shi, ta ba ni labarin yadda mahaifiyarta ke hana su tsinkar furen suna yara, labarin da ban taɓa ji ba. Ranar na fara gane cewa da safen nan da take tsayawa, ba ganyen kaɗai take kallo ba.

Sai watan Maris ya shigo. Wanda bai yi bazara a Jalingo ba ba zai gane ba. Ko ƙadangare da gudu yake tsallaka tsakar gida. Falon ya zama tanda. Ganyen ya fara yamutsewa kamar fatar tsoho. Na ɗaga fitilar, na sauke ta, na rage mata awoyi, na jiƙa buhu na rataye a taga. Na koma wurin dattijon na ce ko akwai wani ƙwan da ya fi wannan.

"Haske nake sayarwa, ɗana," ya ce. "Sanyi ba ni da shi."

Na gaya wa Mama.  Bayan kwana uku ta kira ƙanenta direba da ke lodi daga Jalingo zuwa saman dutse. Ita da kanta ta naɗe ɓawon cikin jiƙaƙƙen zane ta mayar da shi kwali, ta huda masa ƙofofin iska, ta ce a ajiye shi a gaba, ba a bayan mota ba. Ni na ɗauka har tasha.

Kawu ya ɗaure shi a jikin bishiyar fiya a gidansa. Da damina ta yi nisa ya turo hoto a wayar yayata: furanni uku, farare ƙanana. Mama ba ta samu hawa ba a shekarar, a hoton kawai ta gan su.