Tirelar Tsohuwa

Yayana ne ya jawo ta daga Muzdalifa bayan an watse daga aikin hajji, a shekarun da motoci suka fara ƙwace wa raƙuma hanya. Wasu alhazai da suka zo ta ƙasa ne suka yar da ita a gefen hanya da karyayyiyar ƙafa. Ɗan ɗaki ne na katako a kan taya biyu, da ƙofa a baya da taga ɗaya, irin wanda ake ɗaurawa a bayan mota. Tirela muke ce mata. Yayana direban babbar mota ne tsakanin Jidda da Makka, shi ya sa ya samu yadda ya kawo ta. Ya ajiye ta a wani fili a gindin dutsen da muke zaune a kansa, domin unguwarmu ko jaki da kyar yake hawanta, balle ɗaki mai taya.

Ranar da ya kira ni in gani, dariya na yi. Rufin ya tsage, katakon ƙasa ya ruɓe, ciki sai warin awakin da suka kwana a ciki. Na ce, "Yaya, kiwon kaji za ka fara?"

Ya ce, "Ke dai ba ki da ido. Wannan in aka gyara ta, tsohuwa za ta je Madina a kwance, ko jijjiga ba za ta ji ba."

Nan take dariyar ta tsaya mini.

Innarmu da ƙafarta ta tako daga ƙasar Kano, ta Chadi, ta Sudan, ni a goye, yayana a hannu. Mun yi shekaru muna tsinkar auduga a Sudan kafin mu haye teku, kuma a can muka binne mahaifinmu. Hajji kam ta yi har ta daina lissafi, tunda Arfa kusa da mu take. Amma Madina ba ta taɓa zuwa ba. Da farko muna ƙanana, babu mai riƙe mu. Da muka girma sai bayanta ya riƙe, ƙafafun suka daina ɗaukarta, idon ma ya tafi. Tafiyar Madina a lokacin kwanaki ce a bayan buɗaɗɗiyar mota, rana a ka, ramuka a ƙasa, mai lafiya ma sai ya yi jinya in ya dawo. Inna ba mai ƙorafi ba ce. Sai dai duk wanda ya hau dutsen nan ya ce zai tafi ziyara, takan kama hannunsa ta ce, "Ka gaishe mini da Manzon Allah, ka ce masa ina tafe." Haka ake yi a unguwarmu, mai tafiya yakan bi gida-gida ya karɓi saƙon gaisuwa. Na Inna ne kawai yake zuwa da "ina tafe".

A wurina take zaune, a ɗakinmu na kwano, ni da mijina mai ɗiban ruwa. Sana'ata ɗinkin tantunan Mina, saboda haka basilla da tamfol ba baƙina ba ne. Muka raba aiki ni da yayana: ƙarfe nasa, katako da ɗinki nawa. Muka sa watan Rajab a gaba, lokacin da mutanen Makka suka fi tafiya ziyara. Wata bakwai ke nan.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya ƙarfe. Ya kwance ƙafar da ta karye ya kai unguwar Zahir, nan cikin Makka, aka ɗinke ta da wuta. Ya sauke susta, wato jerin ƙarafan nan da ke ƙarƙashi masu shanye jijjiga, ya warware su ɗaya-ɗaya. Ni na goge tsatsarsu da yashi da tsumma har fatar yatsuna ta saɓule, sannan na shafe su da giris ya mayar. Na ɓamɓare ruɓaɓɓen katako na sa sabo daga akwatunan kaya da yake samowa a Jidda. Rabin kusoshin da na buga tsofaffi ne da na miƙe a kan dutse. Mijina ya kafa mini shingen tabarma don kada masu wucewa su tsaya kallon mace da guduma, amma duk da haka sai da suka leƙa.

Rufin ne abin alfaharina. Tamfol biyu na yi masa, na shimfiɗa tabarmar kaba a tsakaninsu don ta tare zafi, na bi kowane ɗinki da kakin zuma, na shafe saman da farar ƙasa. Na ƙara taga ta biyu daura da ta farko don iska ta ratsa, na rataya buhu a kowace, wanda in an jiƙa shi zai sanyaya ɗakin. Na yi wa salkar ruwa marataya a inuwa. Da azahar in ka shiga ka rufe ƙofa, sai ka rantse ba a Makka kake ba. Kullum na hau gida Inna sai ta kama hannuna ta shinshina ta ce, "Yau giris ne," ko "Yau kaki ne." Da hanci take bin aikin.

Yanzu da nake ba da labari, alamun a fili suke, har kunya nake ji. Na auna Inna da taƙin hannuna tana kwance: tsawo bakwai, faɗi kuwa ko uku bai cika ba, mace ce da ke kwanciya a tabarmar salla ta bar wuri. Da zan yanka katakon gado yayana ya ce in yi faɗi biyar. Na ce na mene ne? Ya ce, "A bar wa tsohuwa wurin juyi." Na ga ya ƙara ƙarfe biyu a susta, na ce Innar da mijina ke ɗauka da hannu ɗaya? Ya ce hanya ce ba kyau. Wata rana kuma na tarar ya kafa madubi a bango, ɗan ƙarami mai bakin azurfa. Na ce, "Yaya, Inna ta shekara uku ba ta ga tafin hannunta ba." Ya ce da Larabcinsa na direbobi, "Ɗayyib, to, ai yana ƙara haske," ya ci gaba da ɗaure kusa. Ni kuwa sakarya har na ji daɗi, wai yana ƙawata wa uwarsa ɗaki.

Katifar da na ɗinka wa gadon ta cinye audugar da na tanada saboda faɗin nan. Sai na farke katifar aurena na ƙarasa da ita. Wata biyu muna kwana a tabarma ni da mijina, bai taɓa yin ƙorafi ba.

Ana saura kwana goma Rajab ya kama, Inna ta ce a sauke ta ta ga motarta. Haka take ce mata, motata. Yayana yana Jidda ranar. Mijina ya goyo ta har gindin dutse da hantsi, muka kwantar da ita a gadon. Ta shafa bango, ta shafa buhun taga, ta ɗaga hannu ta taɓa rufi ta ce na iya ɗinki. Sannan ta shiga auna katifar da taƙinta, daga bango zuwa baki. Ta sake aunawa. Hannunta ya ci karo da madubin, ta daɗe tana zagaya bakinsa da yatsa.

Na ce, "Inna, ya kika ji?"

Ta ce, "Yaron nan ya yi ƙoƙari. Ku mayar da ni, rana ta yi."

Daga ranar ba ta sake shinshina hannuna ba, ni kuma ban lura ba, hankalina yana kan guzuri. Na daka gumba, na busar da gurasa, na wanke mata farin mayafinta. Yayana ya ce ranar Asabar za a tashi. Ranar Alhamis da safe na sauka da salka a kafaɗa don in gwada maratayar. Shingen tabarma yana nan. Duwatsu huɗun da muke tare tayoyi da su suna nan. Tsakaninsu babu komai sai ɗigon giris da sawun taya da ya miƙe ya hau hanya.

Na fara tunanin ɓarayi, har na buɗe baki zan yi kururuwa. Matar da ke sayar da dafaffen wake a bakin filin ce ta ce, "Ba ɗan'uwanki ba ne ya ja ta jiya da la'asar? Ai Zahir suka nufa, ɗauko hajiya." Na ce wace hajiya? Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda kowa ya san zancensa sai shi. Ashe yayana yana neman auren wata yarinya a Zahir, 'yar gidan Hausawan da kakanninsu suka zo tun da daɗewa, masu kanti da takardar zama ɗan ƙasa. Uwar yarinyar babbar mace ce mai jiki, mai ciwon gwiwa, mai son gyara kwallinta ko a hanya. Ta je Madina sau da yawa. Wannan karon dai ta ce ba za ta iya zaman mota ba.

Faɗi biyar. Ƙarfe biyu. Madubi. A tsaye na haɗa su, salka tana ɗiga a bayana. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da hannuna aka yi. Ni na goge, ni na ɗinka, ni na farke katifata don wata ta ji taushi.

Na hau dutsen ina tunanin ƙaryar da zan yi wa Inna. Ina shiga ta ce, "Sun tafi ko?"

Na ce, "Inna, kin sani?"

Ta ce, "Tun ranar da na auna. Wannan gadon ba nawa ba ne."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Kina ɗinki kina waƙa. Rabon da in ji kina waƙa tun Sudan."

Bayan mako biyu ya dawo. Ya hau da kwandon dabino da damin na'ana'ar Madina, sabuwar riga a jikinsa. A ƙofa na tare shi, ban bari ya cire takalmi ba. Abin da na faɗa masa ba zai rubutu ba, maƙwabta dai sun ji. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Halas, ya ukhti, ya isa haka ƙanwata, ki saurare ni. Na taɓa ce miki Inna? Tsohuwa na ce."

Na tsaya ina bin wata bakwai a raina, rana ɗaya-ɗaya, ina neman inda ya ce Inna. Babu. Ko sau ɗaya bakinsa bai kuskure ba. Duk ɗan Bahaushe in ya ce tsohuwa uwarsa yake nufi, ya san haka zan ɗauka, ya kuma bar ni a kai. Da ƙarya ya yi mini tsagwaronta da ta fi mini sauƙi. Wannan kuwa zama ya yi ya zaɓi kalmar da zai fake a bayanta ran da asiri ya tonu.

Inna ta kira shi daga ciki. Ya shiga ya durƙusa, ya fara zuba: in an ɗaura aure komai zai daidaita, surukansa za su sama masa takarda, bayan salla Inna ce ta gaba, wallahi, tirelar ma yanzu an gwada ta an ga lafiyarta. Ta bar shi har ya ƙare. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Motar taka ce, ka ɗauki wanda ka ga dama. Ni abu ɗaya nake tambaya. Ka isar mini da gaisuwata?"

Ya buɗe baki zai sake zuba, ta katse shi.

Ta ce, "Ina za ka isar, ba ka karɓa ba. Baƙi ma suna hawa dutsen nan su karɓa. Da ka hau ka ce Inna zan tafi, da na ba ka saƙo, shi ke nan. Kai ne na farko a jinina da ya tsaya a gaban Manzon Allah, kuma ka je hannu wofi."

Ya sa kuka. Ni ko a jikina. Ta laluba kwandon ta ɗauki dabino ɗaya ta ci, saboda garin da ya fito, ta ce in raba sauran wa maƙwabta.

Tirelar ba ta dawo gindin dutsenmu ba. A Zahir ta zauna, a farfajiyar surukansa, wai can ya fi tsaro. Inna ta rasu cikin azumin shekarar, a kan tabarma, domin katifata tana can. An yi aurensa bayan salla, na je, na ci abinci, na yi wa amarya addu'a, yarinyar ba ta yi mini laifin komai ba. Na hango tirelar a farfajiya, rufina yana nan fari tas, ko ɗinki ɗaya bai saki ba.

Sai bayan shekaru na je Madina, a motar haya, a zaune. Da na tsaya a wurin gaisuwa na isar da ta maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan ta Inna na ce tana gaisuwa, sai na tsaya, don ragowar saƙon nata ba shi da sauran amfani.

Yayana ya rayu har ya yi furfura, muna gaisawa, muna zumunci, ya nemi gafarata ba sau ɗaya ba, na ce na yafe don Allah. Amma yau ni ce 'ya'yana ke kira tsohuwa, kuma sun san halina. In ɗayansu ya ce zai yi wa tsohuwa kaza, sai na dakatar da shi na ce, tsohuwar wa?