Ɗan Aiken Tanki da Famfo

Ɗan ƙanena, wanda kowa ke kira Mai Kaji, yana da ɗakunan kaji a bayan gari. A da ma'aikata huɗu gare shi. Tare suke cin abincin rana a gindin tankin ruwa, suna tsokanarsa da sanƙonsa.

Sai wani dillali mai ɗaure wuya da nakatayi ya zo ya cika masa kunne: wai akwai na'urorin da ke magana da juna ta iska, ba waya. Tanki ya ce wa famfo ruwa ya yi ƙasa, famfo ya tashi da kansa. Na ce, "Kai ma da bakinka ba ka iya ba da saƙo daidai ba, balle ƙarfe." Ya ce, "Gwaggo, zamani ne." Ya sallami mutanensa.

Ga inda wayonsa ya kai shi: na'urar tanki ya saye ta a wani kamfani, ta famfo a wani, don ta fi araha. Da aka haɗa su, wannan ba ta gane saƙon waccan. Kowane kamfani ya ce laifin ɗayan ne. Mai ɗaure wuya kuwa lambarsa ta daina shiga.

Yanzu tanki wayar Mai Kaji yake turo wa saƙo, shi kuma ya miƙe ya danna famfo da yatsansa. In ya yi nisa cikin zafin nan, kaji su mutu da ƙishi. Ma'aikatan duk sun kama aiki wani wuri. Ya sa benci tsakanin tanki da famfo, nan yake wuni.

Ranar da matarsa ta haihu a asibiti, na same shi a bencin, abinci ya huce a gabansa.

"Ba za ka je ba?"

"Wa zan bar wa, Gwaggo?"

"Nuna min abin dannawar, sakarai."

Ya nuna min koren maɓalli, ya bar min wayar, ya tafi takalmi a hannu.

Na zauna. Ba mai wucewa, ba mai sallama, sai kukan kaji da ƙugin fanka. Da wayar ta yi ƙara na danna, ruwa ya hau. Na juya in yi wa wani mita, ba kowa.

Da ya dawo ya ce mace ce, mai hancina. Na miƙe zan tafi. Ya ce, "Gwaggo, ɗan ƙara zama mana." Na koma na zauna.