Muryar Alhaji Ladan a Ƙarƙashin Kiɗa

Abdulrauf haifaffen Agege ne, ɗan mai sayar da fata a mayankar Oko-Oba. Warin ƙirgi ya kore shi daga sana'ar gado, ya kama ɗaukar bidiyon bukukuwa, ya buɗe ɗan shago kusa da layin dogo. Aikinsa yana da tsabta, sai dai yana da wata ɗabi'a: duk inda dattijo ya fara dogon jawabi, sai ya danne muryar, ya shimfiɗa waƙa a kai, wai matasa ba su son surutu. Da ya miƙa aiki kuma, sai ya goge asalin ɗaukar don ya sami wuri a kwamfuta.

Haka ya yi wa bikin Mufida, 'yar Alhaji Ladan dillalin shanu. Bayan rasuwar Alhajin, matarsa Hajiya Talatu ta zo shagon da ƙafarta.

"Ɗan nan, ina ganin bakinsa yana motsi, amma kalangu nake ji. Ba mu da muryarsa a ko'ina. Cire mini kiɗan."

"Hajiya, ai asalin..." in ji Abdulrauf.

"Kai ka zuba gishirin, kai za ka tsame shi," in ji ta, ta nemi benci ta zauna.

Sa'arsa ɗaya, waƙar da ya ɗora tana nan a ajiye. A fuskar kwamfuta, sauti zane ne mai tudu da kwari. Idan aka kifar da waƙar, tudunta ya koma kwari, aka jera ta daidai da wadda ke cikin bidiyon, sai su kashe juna, abin da ke ƙasa ya fito. In kuwa aka kauce ko da kaurin gashi ne, kiɗan ba ya mutuwa, ninkuwa yake yi. Hakan ta yi ta faruwa, gumi yana tsiyayo masa.

"Oga, na ce ka sallami makaɗi ɗaya, ka gayyato na biyu?" in ji Hajiya.

Gab da la'asar zanen biyu suka hau juna. Kiɗan ya janye, ya bar ɗan shuu kamar yayyafi a kan kwano, sai ga murya siririya daga ƙasa. Alhaji Ladan ya yi wa amarya da ango addu'a, ya yi tari, sannan ya ce: "Yaron nan mai kyamara tun safe yake tsaye, ko ruwa bai sha ba. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi amanar sana'arsa." Jama'a suka amsa da amin.

Hajiya ta share ido da gefen mayafinta. "Ashe har da kai a ciki."



"Maido mini shi daga farko," in ji ta.

Abdulrauf ya kunna, ya ƙara sauti, ya fita ya tsaya a bayan ƙofa har muryar ta ƙare.