Shingen da Ya Zaunar da Mahaifiyata

Shekarun baya, da wurin aikinmu ya ba ni gida a Gwarinpa, na ɗauko mahaifiyata daga ƙauye bayan rasuwar mahaifinmu. Ni a raina na gama burge ta. Ina! Gidan ba katanga sai 'yar waya iya ƙugu, kuma an hana ɗaga gini a layinmu. Ta leƙa sau ɗaya ta ce ita ba za ta zauna a kan titi ba, ko a ƙauye ai akwai darni. Ta shige ɗaki. Kullum maganar ɗaya ce, a mayar da ita gida, can inda babu mai kula da hawan jininta.

Maƙwabciyarmu, wata Bayarabiya 'yar fansho, tana da shingen fulawa mai ƙananan ganye, kore shar, a cike kamar bango. Ita ta yanko mana rassa muka dasa da farkon damina. Mahaifiyata ta tambaya ko ana miya da shi ko magani, da na ce a'a ta taɓe baki. Amma na lura duk ruwan alwalarta a gindinsa yake ƙarewa.

Da ya fara tsawo sai rigima. Maƙwabciya ta ce a datse kansa, mahaifiyata ta rantse ba mai taɓa mata shi, tsawon take jira. Ni kuwa jarumin maza, na zame jikina na bar su. Shingen ya yi ta miƙewa siriri, ƙasansa fayau, har takalmin mai wucewa kana gani.

Wata Asabar na fito na tarar da su biyun, almakashi a hannun mahaifiyata, tana datsa ba tausayi. Hausar maƙwabciya a karye take, amma sai dariya suke.

"Haka muke yi wa lalle ya yi rassa," mahaifiyata ta ce da ni. "Tuntuni na sani, zuciyata ce ta ƙi."

Kafin damina ta zagayo ya rufe ruf. Ta fara shimfiɗa tabarma a waje, ba ko mayafi, tana tsinke zogale.

Har yau in na ga shinge ya sha aski mai kyau ita nake tunawa, kuma wallahi tana burge ni. Dattijuwa ta bar duk abin da ta sani, ta yi haƙuri har ta haɗa wa kanta tsakar gida a garin da ba nata ba. A kan tabarmar nan, wata yamma, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "In za ka je gida, ka taho min da turmina."