Ranar da Yaya Lamduan Ta Hana Idonta Ruwa

Duk kasuwar ƙauyenmu, nan gefen garin Roi Et, babu wanda bai taɓa ganin kukan yayata Lamduan ba. Shekara talatin da huɗu tana gasa kaza da dafa shinkafa mai danƙo a bakin titi, ban san ranar da ta tashi kasuwa da busasshen ido ba. A ɗaura aure ta yi kuka, kare ya gurɗe ƙafa ta yi kuka. Ranar da 'yarta ta tafi aiki Bankok, sai da direban bas ya sauko ya ba ta haƙuri. Ni ƙanwarta Bupa, mai daka mata gwanda da barkono, na ji kunya har na gaji na daina.

Mijinta Tongsuk manomin shinkafa ne, yana son ɗanyen kifi kamar ransa, kifin ne kuwa ya cinye masa hanta. Da likita ya ce saura wata shida ko bakwai, Yaya ta zube a barandar asibiti tana rusa kuka, mai ciwon na tsaye yana mata fifita da takardar gwajinsa.

A motar dawowa ya ce, "Tsohuwa, abu ɗaya nake roƙo. Ranar tafiyata kar ki yi mini kuka a ka. In na ji muryarki nan zuciyata za ta maƙale. Ga shi ban iya iyo ba, ki bar ni da kogin hawayenki?"

"To ka nemi wata matar tun da wuri," in ji ta, tana fyace hanci.

Ba wasa yake ba. Kowa ya san tunanin ƙarshe shi ke jan mutum zuwa inda za a sake haifarsa, hawaye kuma in ya ɗiga a jikin mamaci kaya ne aka ɗora masa. Na ce a raina mutumin nan ya roƙi abin da babu.

Ta je wurin tsohon malamin haikalinmu. Ya ce kowace safiya, kafin ta hura gawayi, ta zauna ta bi numfashinta, shigarsa da fitarsa, sannan ta dubi mijinta ta faɗa wa kanta cewa jikin nan mai ƙarewa ne. In kuka ya taso kar ta kore shi, ta dai lura da inda yake farawa.

Makon farko, don yawan kukanta, maƙwabta sun ɗauka an yi rasuwar.

"Yaya, wannan zaman natsuwa ne ko zaman makoki?"

"Rufe mini baki, Bupa. Yau sai da na kai numfashi tara kafin ya zo."

"Jiya fa?"

"Huɗu."

Ba ta tsallake safiya ko ɗaya ba. Tongsuk na ramewa, idonsa na zama ɗorawa, ita tana zaune a tabarma tana kallonsa, shi yana mata gwalo. Wata rana ta ce mini, "Ashe a ƙasan maƙogwaro yake farawa, kamar na haɗiyi garwashi. In na sa masa ido sai ya tsaya." Ban yarda ba, don a ranar ma ta yi wa wata kaza kuka.

Wata rana da hantsi, ana tsakiyar girbi, aka kira ni wai jikin Tongsuk ya rikice. Na zo a guje da niyyar in ja ta waje da ƙarfin tsiya. 'Yarsu na tsakar gida tana birgima. Na tarar da Yaya zaune a kansa, tafinta a ƙirjinsa, murya lumui.

"Shiga, fita. An girbe gona, tsoho. 'Yarka ta iso. Ba abin da ka bari a baya. Shiga, fita. Shiga."

Ta jira. Sai ta sa yatsa biyu ta rufe masa ido. Na leƙa fuskarta, ƙamas! Tsoro ya kama ni, don wannan matar ban san ta ba.

Aka zo zuba masa ruwa a hannu kamar yadda muke yi wa mamaci, mata na ɓarkewa da kuka, ita ce mai cewa su ja da baya kar hawaye ya ɗiga masa. Kwana uku malamai na karatu, tana dafa wa jama'a abinci. Aka fara tsegumi, wasu su ce ta zautu, wasu su ce dama ta gaji da jinya. Ni kaina haushi ya ci ni, har na ce mata, "Shekara arba'in da mutum, ko ɗigo?" Ta dube ni kawai ta ci gaba da yanka albasa.

Ranar ƙona gawar ta tsaya tana kallon hayaƙi har ya yanke. Sai ta damƙi hannuna, farcenta ya shige mini fata.

"Bupa, ya yi nisa?"

"Ya yi nisa, Yaya."

"Ɗauko babur."

Na goya ta muka wuce ƙauye ɗaya, na rage gudu, ta ce, "Ƙara gaba, kunnensa da kaifi." Muka wuce na biyu, muka wuce na uku, har kwalta ta ƙare a wata gona da aka girbe.

Ta sauka, ta taka kaɗan cikin karan shinkafa, ta waiwayo bakinta na rawa.

"Kin tabbata nan ba zai ji ba?"

Na ce na tabbata. Ta durƙusa ta kifa fuska a ƙasa. Shekara hamsin ina jin kukan Yaya, ashe ban taɓa jin sa ba sai ranar.