Bana Na Girmi Yaya Haladu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Haladu, wanda mutanen Sara da kewaye suka fi sani da Gatari. Shekara goma ya ba ni a haihuwa. Da na zauna na yi lissafi a farkon damunar nan, sai na ga ashe bana na girme shi: na kai shekarun da ya tsaya a kansu, har na ɗora ɗaya. Tun ranar abin yake yi mini nauyi a ƙirji, shi ya sa na ce bari in rubuta, ko na ji dama.

Mahauci ne kamar mahaifinmu, kuma ɗan dambe ne tun yana saurayi. In kaka ta yi, an gama shigar da hatsi, shi da abokansa sukan zaga Fagam da Gwaram da Wurno, har Birnin Kudu, duk inda aka kafa fili. Ni ban taɓa ganin dambensa da idona ba, don ba a barin mu zuwa. Abin da na sani shi ne dawowarsa. Daga sautin kalangun da ke rako shi muke gane yadda aka tashi. In kiɗan ya cika gari, to ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa. In kuwa muka ji sallamarsa shi kaɗai, ba mai tambaya. Ko ta yaya aka tashi dai, Innarmu magana ɗaya take yi: "Auta, ɗora ruwa." Ni ce mai gasa masa hannun dama, wanda zaren naɗi ya bar wa shata, ya kumbura kamar ba nasa ba.

A wurin gashin hannun nan na fara makaranta ta gaskiya. Yaya bai gama firamare ba, amma yana da wata 'yar rediyo da ke rataye a ƙusa a rumfarsa, daga safe har ya tashi ba ta hutawa. Duk abin da ya ji sai ya adana, ya dawo gida ya juye mini. Ilminsa kamar faifan mai koli yake, komai da komai a ciki, na kirki da na banza, shi kuma duk farashi ɗaya yake sa musu. Yau ya ba ni labarin sarakunan Kano, gobe yaƙin duniya, jibi ya bayyana mini cewa 'yan damben Turawa suna sa safa mai taushi a hannu biyu ne don tsoron jin ciwo kawai, ba don komai ba. In na yi masa musu sai ya ce, "To ke kika ji a rediyo ko ni?"

Shi ya fara kai ni duwatsun Birnin Kudu ina yarinya, muka ga zanen shanun nan na mutanen da. Ya ɗaga ni sama ya ce, "Duba da kyau. Ina tozonsu?" Na ce babu. Ya ce, "To kin gani, shanunsu ba irin namu ba ne. Kafin mu akwai wasu." Wannan ya faɗi daidai, daga baya na karanta shi a littafi. Sai dai bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa masu zanen ƙattai ne da ba sa bukatar tsani, kowannensu ya yi tsawon giginya. Da gaskiyar da ƙarin gishirin, su suka sa na karanta tarihi, kuma shi nake koyarwa har yau a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kudu.

A fannin lafiya ma yana da nasa karatun, kuma nan ne faifan ya fi cika da na banza. A wurinsa gumi yana fitar da kowace cuta, shi kuwa kullum cikin gumi yake. Gishiri ƙarfi ne, kitse abincin maza ne. Hawan jini kuma ciwon Alhazai ne masu zama a mota mai sanyi, bai san hanyar rumfar fawa ba. Bayan ya ajiye dambe ya yi jiki, wuyansa ya cika. Ciwon kai ya riƙa zuwar masa ta ƙeya, sai ya ɗaure kan da ƙyalle tamau ya ci gaba da sara nama. In matarsa, Yaya Ladi, ta yi magana, sai ya ce, "Wani tsohon naushi ne ya zo gaishe ni, yanzu zai tafi." Mu yi dariya. A gidanmu kaf, har da ni mai takardar shaida, babu wanda aka taɓa ɗaura wa abin awon jini a damtse, in ban da lokacin goyon ciki.

Ranar wata kasuwar Sara, da hantsi, wuƙa ta faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya bi ta. Maƙwabtansa na rumfa suka ɗago shi, baki ya karkace, ɓarin dama duk ya saki. Ina aji aka zo aka kira ni, na same su a babban asibiti a nan Birnin Kudu. Likita ya tambaye mu tun yaushe yake da hawan jini, wane magani yake sha. Muka dubi juna, ni da Yaya Ladi da ɗansa Nasiru. Na ce, "Likita, ai ba shi da shi." Ya ce, "Malama, ya daɗe da shi. Sani ne ba ku yi ba."

Kwanaki kaɗan ya yi a gadon nan. Maganarsa ta dawo, amma a daƙile, sai ka kasa kunne. Wata safiya wata nas, dattijuwa mai fara'a, ta gama auna shi, ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke 'yar'uwarsa ce?" Na ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce, "Miƙo hannunki." Na ce ni lafiyata ƙalau, ban zo don kaina ba. Ta ce, "Na sani. Miƙo." Ta auna, ta sake aunawa, sai fara'ar ta ragu. Ta jawo kujera ta ce in zauna, kada in tashi sai likita ya gan ni.

Yaya yana kallonmu. Ya yafito ni da hannun hagu, na matsa kusa.

"Auta, ke ma?"

"Haka suka ce, Yaya."

Ya daɗe yana haɗa maganar kafin ta fito. "Wannan ɗan damben, ban ga hannunsa ba. Ke an nuna miki. Ki kare."

A makon da aka binne shi na fara shan ƙwayar da nake sha har yau.

Nan nauyin yake. Na bincika raina iya bincike, ban sami wani abu da zan nuna in ce ga laifin da na yi masa ba, kuma babu wanda ya taɓa ɗora mini. Amma na san cewa da bai faɗi a rumfar nan ba, da ba a auna ni ba. A bakin gadonsa aka tsinto ni. Duk safiya in na ɓallo ƙwayar nan, 'yar mitsitsiya, na kora da ruwa, sai in tuna cewa irinta ce da ta riƙe shi. Mutumin da ya tsaya gaban ƙattai bai ja da baya ba, abin da ya rasa bai kai ƙwayar wake ba. Na aurar da 'ya'yansa mata biyu, na zauna a inda ya kamata a ce yana kusa. Na ɗauki jikokinsa da bai gani ba. Kowane biki aka yi sai in ji kamar an zuba mini abinci a kwanonsa.

Na taɓa kai wannan magana wurin wani malami dattijo da muke karatu a wurinsa ranar Asabar. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malama, kwanansa ne ya ƙare, naki kuma da saura. Allah ya sa shi ya zama sanadi. Godiya ake yi, ba kuka ba." Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, ban da ja a kai. Sai dai kai ya karɓa, zuciya ce take jan ƙafa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Damben da suke yi a fili, ƙura na tashi, a tashi da kumburi a tafi gida, yanzu ga shi a waya, yara suna kallo suna mayarwa baya. An kewaye fili, an sa alƙali, wani wurin har da mai duba wanda ya ji rauni. Na tabbata da sai ya ce an lalata abin, sannan ya karɓe wayar ya hana kowa. Da ya ji an taɓa cire tarihi daga darussan yara kafin a dawo da shi, da sai ya zo har makarantarmu ya yi faɗa. Wayar kanta kuwa da ta same shi da aiki, don ta fi rediyonsa haɗa gaskiya da ƙarya, shi kuma ba ya wuce labari. Abin da ban sani ba shi ne ko da zai yarda ya tsaya a kemis a auna shi, yanzu da kusan kowane kemis yake da na'urar awon jini. Wata rana in ce zai yarda, wata rana in ce ina.

Amsar da ta fi kusa da gaskiya na same ta a wurin Nasiru. Shi ya gaji rumfar. Bai yi dambe ba, amma jikin na ubansa ne sak, har wuyan. Lokacin jinyar ubansa an auna shi, aka ce lafiya lau, shi ke nan ya riƙe wannan kamar takardar gado. Kwanakin baya Yaya Ladi ta kira ni ta ce, "Auta, yaron nan ya fara ɗaure kai." Ban jira ƙarshen mako ba. Na sa na'urata a jaka, na hau mota zuwa Sara.

Na same shi ya dawo daga kasuwa yana cin abinci a tsakar gida. Da ya ga abin da na fito da shi sai ya yi dariya.

"Gwaggo, ai an auna ni."

"Shekara nawa ke nan?"

"Jini ai ba ya canzawa. Rana ce kawai ta dake ni. Mu da muke aikin ƙarfi ina ruwanmu da wannan?"

Maganar ubansa ce, har yadda yake karkata kai. Na zauna da na'ura a cinya. Yaya Ladi ce ta taso daga bakin murhu. Mace ce marar yawan magana, tun da nake ban taɓa jin ta ɗaga wa ɗanta murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Nasiru, na wanke kayan ubanka na ranar nan da hannuna. Ba zan wanke naka ba. Ba ta hannu."

Ya ajiye cokali, ya naɗe hannun riga.

Jinin ya hau, ba kaɗan ba. Washegari na tafi da shi asibiti, aka tabbatar, aka ɗora shi a kan magani, aka ce ya rage gishiri da kitse. Wannan na biyun ya fi yi masa ciwo, ya ce an hana mahauci gadonsa. Da zan dawo ya ce in bar masa na'urar. Na zaci don kansa yake so, na bar masa.

Bayan kasuwa biyu ya kira ni. Ashe rumfa ya kai ta. Ya ce da farko mahauta sun yi ta yi masa tsiya, suna ce masa likitan shanu. Sai ga Baba Mamman, wani tsohon ɗan dambe daga Fagam da ya sha karawa da Yaya a zamaninsu, ya zo sayen nama yana dogara sanda. Ya tambayi mene ne wannan, Nasiru ya gaya masa, ya gaya masa kuma abin da ya kashe ubansa, don ashe tsohon duk shekarun nan ya ɗauka jifa aka yi wa Yaya. Baba Mamman ya jingine sandarsa, ya zauna a benci ya ce, "Na yi shekaru ina kauce wa hannun ubanka. Yau ga nawa, ɗaura." Bayan shi sai sauran suka wanke hannu suka biyo layi. Waɗanda nasu ya hau, Nasiru ya ce su je asibiti, don shi iyakarsa awo.

In aka ambaci Gatari a Sara yau, tsofaffi kisan da ya yi suke tunawa, matasa kuwa suna ne kawai suke ji. Babu hotonsa yana dambe ko ɗaya. Labaran da ya ba ni, rabi na gyara su, rabi na bar su yadda suke don sun fi daɗi a haka. Abin da ya rage nasa wanda ake iya taɓawa shi ne mu: ni, da Nasiru, da wasu mahauta da ke yawo da ƙwaya a aljihu ba su san wa ya saya musu ita da ransa ba. Wannan bai sauke mini nauyin ba, kuma na daina sa ran zai sauka. Na dai koyi tafiya da shi.

Mai karatu, in kana da ɗan'uwa mai ƙarfi wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba, shi za ka fara kaiwa a auna. Kai ma ka miƙa naka hannun, kada ka jira sai a bakin gadonsa.

Allah ya jiƙan Yaya Haladu, ya yalwata masa makwanci, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Mu kuma da aka ƙara wa kwana, Allah ya sa mu san abin da za mu yi da shi.