Asalin Aro a Hanyar Faru

Daga Maraɗi na zo Talata Mafara karatu. Mahaifina ya damƙa ni hannun wani amininsa, abokin cinikin hatsi, ya koma. A gidan nan na zauna, kuma tun makon farko na gane cewa mulkin gidan ba a hannun maigida yake ba, yana hannun uwargidansa, wata gajeruwar dattijuwa da kowa ke kira Inna.

Ita ta fara ba ni darasi kafin malaman makaranta. Ta zaunar da ni bakin murhu ta ce daga yau ni ɗan gidan ne, wanda aka kai Nijar riƙo wurin kawu tun yana ƙarami, shi ya sa harshena ya karkace. Ta jero mini kakanni, da unguwar da aka haife ni, da gonarmu ta wajen Ruwan Gizo. Na yi dariya. Ba ta taya ni ba.

Maigida ne ya fayyace mini. Tun da mutanen daji suka addabi ƙasar, baƙon da ba a san tushensa ba ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asirinsu ne, kuma wanda aka ɗora wa wannan zargi ba kasafai ake jiran bayaninsa ba. Ni da na zo da taƙamar sabuwar jaka da takalmi mai sheƙi, sai na koma tafiya a raɓe jikin katanga. A aji ba na ɗaga hannu ko na san amsa. Idan babur ya rage gudu a bayana, sai in faɗa zauren da ya fi kusa.

Kullum da safe sai na biya haddata kafin in ga koko. In na yi tuntuɓe a kan wata kaka, Inna ta janye kwanon ta ce in sake daga farko. Nakan zolaye ta in ce ko jarrabawar makaranta ba ta kai tata tsanani ba. Sai ta juya baya tana iza wuta.

Wata safiya aka yi rasuwa a danginta a Faru, maigida ba ya gari, aka ce in raka ta gaisuwa. Bayan mun wuce Maradun 'yan sa-kai suka tare motarmu, suka ce maza su sauko. Aka jera mu bakin hanya ana tambayar kowa ɗan wane ne. Da aka zo kaina, na zubo karatun Inna tiryan-tiryan, ko numfashi ban ja ba.

Wani dattijo mai bindiga a kafaɗa ya matso ya ƙare mini kallo.

"Wanga yaro da kaka faɗi," in ji shi, "da hannuna niz zuba mishi ƙasa. Ya komo daga Nijar, anka kashe shi hanyar gona. To kai wane na?"

Ban taɓa sanin akwai wani yaro na gaske ba. Na ɗauka Inna ce ta ƙaga labarin domina. Samarin suka kewaye ni, ɗaya ya riƙe mini wuyan riga. Na so in faɗi sunan mahaifina, amma wa zai yarda da wanda aka kama da ƙarya yanzun nan? Wallahi na sallama, har na fara kalmar shahada a zuciya.

Sai na ji an buɗe ƙofar mota. Inna ce, ta ratso tsakiyar maza, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta tsaya gaban dattijon.

"Ba ka yi ƙarya ba, Malam, ni nih haife shi. Wanga ɗan amana na, ɗakin marigayin yaka kwana. Ni nis sa shi faɗin haka. In kun tafi da shi, ku taho ku sake gina min kabari."

Dattijon ya sunkuyar da kai, ya shiga gaishe ta, gaisuwa mai tsawo, har da ta'aziyyar da ta daɗe da wucewa. Wanda ya riƙe rigata ya sake ni.

Muka koma mota. Sai da muka hango rufin gidajen Faru na tambaye ta a hankali me zan ce idan an sake tambayata. Ta juya tana kallon gonaki ta taga.

"Faɗi sunan ubanka," ta ce. "Sauran ka bar min. Ba ni iya ƙara jin wancan ga bakinka."